Fastoci da banonin siyasa a Zango: wa ke da bango, wa ke da ikon cirewa?

Dan_Kawukudi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da take tasowa duk kakar zaɓe a Nima da Mamobi, unguwannin Zango na Ankara, babban birnin Ghana, har yau ana gardamarta a wajen shan ataya ba a daidaita ba. Ɗan takara ya buga fasta, samari sun kwana suna liƙawa, gari na wayewa an yage rabi, sauran kuma an manna ta abokin hamayya a kai. Banar da aka ɗaura ta tsallake titi, motar asambili, wato ƙaramar hukuma, ta zo ta kwance ta yi gaba da ita. Tambayata uku ce. Ina doka ta yarda a liƙa? Wa ke da ikon cirewa? In an yage maka, me za ka yi wanda ba dambe ba? Masu sani a taimaka da hujja, ban da "an ce".

Lauya_441: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga doka, a fara da tambayar da samari ba sa yi: wurin nan na wane ne? Babu bangon da ba shi da mai shi a Ankara. Bangon gida na maigida ne. Turken wuta da taransifoma na ECG ne, kamfanin wutar lantarki. Gadoji da tsakiyar titi da allunan hanya na hukumomin hanya ne, manyan hanyoyi irin N1 suna hannun Ghana Highway Authority, na cikin gari suna hannun Urban Roads. Talla kuwa, wadda za a kafa a sarari jama'a su gani, asambili ce ke ba da izininta, domin dokar ƙananan hukumomi ta 2016, wato Act 936, ta ba kowace asambili ikon yin nata dokokin da yanke kuɗin da za a biya.

Hukumar zaɓe, wato EC, ba ta ba da izinin liƙa fasta. Da yawa suna zaton da zarar EC ta karɓi takardun mutum, shi kenan ya samu damar manna hotonsa ko'ina. Ba aikinta ba ne.

Sannan a daina cewa "AMA" ga kowane wuri. Tun da aka rarraba wannan asambili ta birnin Ankara a 2018 da 2019, Nima tana ƙarƙashin Ayawaso East, Mamobi tana Ayawaso North, Sabon Zango tana Ablekuma Central. Madina kuwa dama tata daban ce, La Nkwantanang-Madina. Rasidin da aka yanka a Ayawaso East ba ya kare banar da aka ɗaura a Mamobi, ko da tsakaninsu tafiyar minti biyar ce.

Yaro_Newtown: Lauya, wannan duk a takarda ne. Wa ya taɓa zuwa asambili neman izinin fasta A3? A kakar zaɓe kowa liƙawa yake yi, har da jam'iyyar da ke riƙe da asambilin.

Onarabul_Sukura: Ƙanena, kana da gaskiya rabi. Ƙaramar fasta ba a cika bin ta ba, an kau da kai ne kawai, ba wai an halasta ba. Amma bana mai tsallake titi da allon talla mai ƙafar ƙarfe, waɗannan ana bin su, kuma su ne masu cin kuɗi in an kwashe.

Yadda ake yi: a rubuta wa shugaban asambili takarda, a faɗi girman abin, inda za a sa, da tsawon lokacin da zai zauna, a haɗa da hoton abin da aka buga. In allo ne mai ƙafa, sai an ƙara da zanen wurin da zanen injiniya. Takardar za ta bi ta sashen ayyuka da sashen tsara gari, su zo su duba ko zai tare wa direba gani, ko yana kan gota, ko yana kusa da wayar wuta. Daga nan a yanka maka kuɗi bisa jadawalin kuɗaɗen da asambili ke amincewa da shi kowace shekara, ya danganta da girma da kuma titin. A biya a wajen kashiya a karɓi rasidin gwamnati, GCR.

Inda ake faɗuwa wuri uku ne. Wani zai miƙa wa mutum kuɗi a bakin titi don ya ga riga mai tambarin asambili, babu rasidi, bayan kwana biyu wata tawagar ta zo ta kwashe. Wani ya karɓi izinin wuri ɗaya ya ɗaura a wuri huɗu. Wani kuma izininsa na wata ɗaya ne, ya bar bana wata biyar. Wanda ba ya son wannan zirga-zirga, ya yi hayar fuskar allo daga kamfanin talla da ya riga ya mallaki izini, amma ya nemi ganin takardar da idonsa kafin ya biya.

MaiBugu_Newtown: Ni ta ɓangaren bugu zan shigo, don ba duk fastar da aka tarar a ƙasa ce abokin hamayya ya yage ba. Rabinsu faɗowa suke yi da kansu, a tashi ana neman wanda za a doka.

A3 santimita 30 ne da 42, A2 kuma 42 da 59. Takarda mai sheƙi mai kauri, giram 150 zuwa sama, tana da kyau a ido amma sitaci ba ya ratsa ta, gefenta na naɗewa da ta sha rana. Ta bango, giram 100 zuwa 130 ta fi kamawa, don tana jiƙa ta kwanta. In an yi mata laminetin kuwa, ta daina zama ta liƙawa, ta koma ta ratayewa.

Tawada ma haka. Ja ne ke fara koɗewa a rana, kuma manyan jam'iyyun nan biyu duk suna da ja a tutarsu, NDC mai alamar lema da NPP mai alamar giwa. Bangon da ke kallon yamma ya fi cin launi. Wanda ya buga tun watan Agusta yana jiran ranar zaɓe, 7 ga Disamba, ya sani sai ya sake bugu, musamman da ruwan Satumba zuwa Nuwamba a tsakani. Gara a raba bugun kashi uku a riƙa fitarwa da kaɗan-kaɗan.

Hajiya_Kanda: Duk kuna maganar ɗan takara, masu gida fa? Mutum ya tara kuɗi ya yi fenti don Salla, ya wayi gari bangonsa ya zama allon hotuna. In ya ɓamɓare, fentin ya biyo takardar. In ya bari, a ce gidan 'yan jam'iyya kaza ne, 'yan haya su fara kallon juna. Lauya, in maigida ya cire, ya yi laifi?

Lauya_441: Hajiya, bai yi ba. Bangonsa ne, ba a nemi izininsa ba, wanda ya liƙa shi ne ya shiga haƙƙin wani. Amma a yi da dabara: ya ɗauki hoto kafin ya cire, ya cire da rana tsaka ba da dare ba, kuma ya cire ta kowa, kada ya bar ta wannan ya kankare ta wancan. In bana ce ko tuta, kada ya yanka kada ya ƙona, ya kwance ya naɗe ya aika wa ofishin jam'iyyar na mazaɓa su zo su ɗauka. Sannan ya rubuta a bangon da fenti cewa ba a liƙa komai. Rubutun nan ba ya hana mai taurin kai, amma yana kashe bakin mai cewa "ban sani ba".

Kafinta_Mamobi: Hajiya, ga maganin fenti. A jiƙa fastar da ruwan ɗumi da soso, a bari minti 10 zuwa 15, a sake jiƙawa, sannan a kankare da roba mai faɗi, ban da wuƙa ko cokalin magina. Sitacin rogo zalla yana sakewa da ruwa. Wanda ba ya sakewa shi ne wanda aka zuba wa kostik soda, kuma shi ne ke cin fenti har ya bar tabo, ya ƙone hannun yaran da ke liƙawa.

Ga masu liƙawa, haɗin da ya isa: gwangwani 1 na sitaci a dama da ruwan sanyi, a juye cikin gwangwani 6 zuwa 8 na tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi haske, a bari ya huce, a ƙara farin gam na kafinta kamar kashi 1 cikin 10. A shafa a bango, a ɗora takarda, a bi da burushi daga tsakiya zuwa gefe, a sake shafa gefunan. Ba ya wuce kwana biyu ya yi tsami ya tsinke, don haka a dama na daren kawai.

Abin da ya fi duk wannan shi ne kada a taɓa bangon sam. Katakon filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 yana ɗaukar fastar A2 guda 10, layi biyu biyar-biyar. A nemi izinin maigida, a rataye shi da ƙusa huɗu sama da inda hannun yaro zai kai, kamar mita 2 da rabi. Bayan zaɓe a sauke, bango lafiya lau, katakon kuma ya yi wani aikin.

Yaro_Newtown: Filawud nawa za a saya wa mazaɓa guda? Turken wuta kyauta ne, Kafinta.

MaiWuta_Fadama: Kyautar da ake biya da rai, ƙanena. Wayoyin da ke can saman turke a manyan layuka volt 11,000 ne, wasu 33,000. Ba sai an taɓa ba, in ƙarfe ya matso wutar tana tsallakowa. Samari suna hawa da tsanin alminiyom da dare, suna jefa wayar ɗauri ta ƙetare layi don su ja bana, ko su ɗaga sandar tuta ta ƙarfe. Igiyar nailan ma in ta sha raɓa ko ruwan sama ta daina zama kariya. Mafi ƙaranci a bar mita 3 tsakanin mutum da kayan aikinsa da babbar waya, in wurin bai ba da haka ba a bar shi.

Ɓarnar ƙasa ma ba ƙarama ba ce. Ƙusa da ake bugawa a turken katako tana huda safar hannun ma'aikacin da zai hau gyara, safar da ita ce tsakaninsa da mutuwa. Fasta tana rufe lambar turke, a kira a ce wuta ta lalace a rasa wane turke ne. Tana rufe alamar haɗari a jikin taransifoma, inda yara ke wasa. Bana kuma in an ɗaure ta tsakanin turke biyu, iska na kaɗawa tana girgiza su, wayoyi su haɗu, fis ya tashi, layi guda ya kwana a duhu a zagi ECG.

Injiniya_Madina: MaiWuta ya taɓo maganar iska, bari in sa mata lissafi, don mutane suna raina ƙyalle. Iskar hadari mai gudun kilomita 90 a awa tana danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan kilo 40. Bana mai mita 6 da mita 1 tana jan abin da aka ɗaure ta da shi da kusan kilo 240. Allo mai mita 6 da mita 3 ya haura kilo 700, kuma nauyin can sama yake, yana murɗa gindin kamar mai son tuge bishiya. Shi ya sa allon da mai walda ya kafa da ido, ya haƙa rami ƙafa biyu ya zuba siminti buhu ɗaya, yake kwanciya a kan kiyos ko motar haya, trotro, a hadarin farko na Maris ko Afrilu. Ƙari a kan haka, iskar teku tana sa ƙarfe tsatsa da wuri a Ankara, kuma daga gindi take ci, daidai inda ƙarfe ya shiga siminti ruwa na taruwa. In ya faɗo kan mutum, mai hoton da ke jiki da wanda ya kafa su za a nema.

Tsayi kuma: tirela mai ɗauke da doguwar kwantena tana haura mita 4. Banar da ta tsallake titi, tsakiyarta inda take lotsawa kada ta gaza mita 5 da rabi. A auna tsakiyar, ba bakin igiya ba.

MaiBugu_Newtown: Shi ya sa ake yanka wa bana ƙofofin iska masu siffar rabin wata. Fleks, wato robar da ake buga bana a kai, mai giram 440, a naɗe gefe a sa igiya a ciki, a buga ailet, zoben ƙarfen da igiya ke bi, kowane santimita 50, a ninka kusurwoyi. Da wannan tana kai ƙarshen kamfen.

Injiniya_Madina: Naɗin gefe da ailet na yarda, Malam. Rabin watan ne ban yarda ba. Abin da yake ragewa na iska kaɗan ne ƙwarai, kuma daga bakin yankan nan yagewa ke farawa. In wurin mai iska ne a buga a kan fleks mai raga. Sannan kada a ɗaure kusurwa huɗu tamau da waya. A yanko robar tsohon tib na mota a sa tsakanin ailet da igiya, ita ke shanye fizgar iska.

MaiBugu_Newtown: Mai raga ya fi tsada kuma fuskar ɗan takara tana yin fari-fari a kai, ba sa so. Amma robar tib gaskiya ce.

Dan_Kawukudi: Madalla, an ƙaru. Sai dai an bar tambayata ta uku a baya. An yi komai daidai, da izinin maigida da rasidin asambili, wani ya zo da reza ya tsarge bana. Sai me?

Lauya_441: To nan ne doka take da haƙori, mutane ne ba su sani ba. Sashe na 172 na dokar laifuffuka ta 1960, Act 29, ya haramta lalata dukiyar wani da gangan. Ya kasa laifin biyu bisa darajar abin. In bai wuce miliyan 1 na tsohon kuɗi ba, wato sidi 100 na yanzu tun canjin kuɗi na 2007, ƙaramin laifi ne, ɗaurinsa ba ya wuce shekara 3. In ya haura haka ya shiga sahun manyan laifuffuka mataki na biyu, wanda ke iya kai wa shekara 10. Yau wace bana ce ba ta haura sidi 100 ba? Yaron da aka ba kuɗin waakye, shinkafa da wake, ya je ya yanka bai san abin da ya ɗauko ba. Wanda ya aike shi ma bai tsira ba, sashe na 20 ya kama mai zuga da mai ɗaukar nauyi.

Manna fasta a kan ta wani kuwa, a daina cewa "ai ban yage ba". Ma'anar ɓarna a dokar tana da faɗi, ta haɗa da hana abu yin amfanin da aka yi shi dominsa, ko na ɗan lokaci ne.

Abin da ke kashe ƙara shi ne rashin shaida, kuma shaidar tun ranar ɗaurawa ake tara ta. A ɗauki hoton kowace bana a ranar da aka sa ta, a rubuta adireshin GhanaPost GPS na wurin. A adana rasidin mai bugu, don shi ke nuna daraja. A adana GCR da takardar izinin maigida, ko layi uku ne da sa hannu. In an lalata, kada a taɓa sai an ɗauki hoto, a tambayi masu shaguna na kusa ko kyamararsu ta kama, a yi wannan cikin kwana ɗaya ko biyu don na'urorin suna goge tsohon hoto. A kai ƙara ofishin 'yan sanda na yankin, a tabbatar an shigar a littafi, a nemi kwafin abin da aka shigar. In an kama mutum yana cikin yi, doka ta yarda a riƙe shi a miƙa wa 'yan sanda nan take. Mari ɗaya ya isa ya mai da mai ƙara wanda ake ƙara.

Malama_SabonZango: A ƙara da wannan: yawancin masu yagewar yara ne. Wanda bai kai shekara 12 ba doka ba ta ɗora masa laifi, wanda ya haura amma bai kai 18 ba kotun yara ce tasa. Kada a ɗauki hoton fuskar yaro a watsa a WhatsApp. A Zango kowa ya san gidan kowa, kafin magariba an taru a ƙofar uwarsa. Iyaye kuma su san inda yaransu suke bayan isha'i a watan Nuwamba.

Baba_Fadama: Malama ta faɗi gaskiya. Kuma kafin ofishin 'yan sanda akwai matakala. Jam'iyyu da kansu sun sa hannu a ƙa'idar ɗa'a da ta hana cirewa ko ɓata kayan kamfen na juna. NCCE, hukumar wayar da kan 'yan ƙasa, tana da kwamitin tattaunawar jam'iyyu a gundumomi, inda ake zama da 'yan sanda da malamai da sarakuna. Sakataren mazaɓa ya kira takwaransa na ɗaya ɓangaren, a biya kuɗin bana, a ja wa yaro kunne. Wanda ya yage da wanda aka yage wa, gobe sahu ɗaya za su tsaya a jana'iza.

Yaro_Newtown: Baba, da girmanka, sulhun nan shi ya sa ba a dainawa. Kowa ya san ƙarshenta "a yi haƙuri". Abin da ke aiki shi ne a sa samari goma su kwana suna gadi.

Lauya_441: A kula da wannan shawara. Bayan rikicin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairun 2019, majalisa ta yi Act 999, dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa, ɗaurinta shekara 10 zuwa 15. Mai shago ya sa ido a kan banar da ke gabansa, wannan ba komai. Amma samari goma da suna da riga iri ɗaya da sanduna suna sintiri da dare don jam'iyya, sun kama hanyar shiga wannan dokar. An tafi kare fleks an dawo da shekara goma. Gadin da ya fi arha shi ne a sa abu sama da mita 3, inda akwai fitila, a gaban shagon da ke kai dare, kamar mai shayi ko kemis.

Dan_Asawase: Gaisuwa daga Kumasi. Nan ma haka rabon yake, Asawase da Aboabo suna ƙarƙashin Asokore Mampong ne ba KMA, asambilin birnin Kumasi, ba, amma mutum na gangarawa Kejetia ko Adum ya shiga hannun KMA. Masu bugu na Asafo za su buga maka ko nawa ne, neman izini ba aikinsu ba ne. Tambayata ita ce bangon masallaci da na fadar sarki. Akwai dokar da ta hana?

Ustaz_Nima: Bangon masallaci na jama'ar masallaci ne, kwamiti ke riƙe da shi, don haka maganar Lauya ta farko ta hau kansa: ba izini, ba liƙawa. Kwamitin da ya san abin da yake yi kuma ba zai bayar ba, don masu salla a bayan liman ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Akwai kuma abin da ake mantawa. Ana buga fasta da bisimilla ko aya a sama don a jawo zuciyar Musulmi, bayan mako biyu tana cikin gota ana takawa. Masu bugu su riƙa ba da shawara a bar ayar.

Onarabul_Sukura: Fada kuwa, sashe na 276 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana sarki shiga siyasar jam'iyya. Ana iya gardama kan ko ma'anar sarki a kundin ta hau kan kowane sarkin Zango, amma fadar da ke sasanta rigimar kowa ba ta da riba a hoton mutum ɗaya a ƙofarta.

Tunda an zo nan, masu shirin takarar asambili da yunit kwamiti su lura. Zaɓen nan, irin wanda aka yi ranar 19 ga Disamban 2023, ba na jam'iyya ba ne. Sashe na 248 ya ce mutum ya tsaya da kansa, kada ya yi amfani da alamar kowace jam'iyya. Lema ko giwa a fastarka ta ba abokin takararka abin kai ƙara. Wasu suna wayo da launi kawai ba tambari, wannan ma neman magana ne.

Hajiya_Kanda: Makarantu fa? Nan ne ake jefa ƙuri'a, kuma bangonsu ya fi ko'ina cika.

Lauya_441: Dokar zaɓe ta 1992, PNDCL 284, ta hana neman jan ra'ayin mai zaɓe ta kowace hanya cikin mita 500 daga rumfar zaɓe muddin ana jefa ƙuri'a, wato daga 7 na safe zuwa 5 na yamma. Kamfen kansa ana tsayar da shi kwana ɗaya kafin ranar. Saboda haka fastar da ke bangon makarantar da ake zaɓe, jami'in rumfa yana iya sa a cire ko a rufe, kuma ejan na jam'iyya ya kai kukansa wurinsa ne, kada ya sa hannu ya yage ta abokin hamayya da kansa. Riga da hula masu hoton ɗan takara ma a bar su a gida ranar.

Yaro_Newtown: Mita 500 a Nima? Rumfunan a jere suke, in aka auna da gaske ko fasta ɗaya ba za ta rage ba daga randabawul har babbar gotar Nima.

Lauya_441: Haka ne, shi ya sa a aikace ake duban harabar rumfar da abin da mai layi ke gani. Tsohuwar fasta a lungu daban, wanda ya zo da asuba ya ɗaura sabuwar bana tana kallon layin masu zaɓe daban.

Mma_Kasuwa: Ni bayan zaɓen ne damuwata. Wanda ya ci ya tafi majalisa, wanda ya faɗi ya kashe waya, fleks na nan yana lilo har igiya ta ruɓe ya faɗa gota. Takarda tana narkewa, fleks roba ne, ba ya ruɓewa. Ya tare bakin kwalbati, shara ta taru a bayansa, ruwan Yuni ya zo ya shiga ɗakunan mutane. Duk abin da ya bi babbar gotar Nima, rafin Odaw zai je, kuma ba wanda ya manta ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a shataletalen Circle. Ga shi abin yana da amfani in an sauke da wuri: rufin tebur a kasuwar Laraba, shimfiɗar shanya barkono, rufin kejin kaji.

Onarabul_Sukura: Mma, wanda sunansa ke kan izini shi ke da alhakin saukewa in wa'adi ya cika. In asambili ta sauke da kanta tana iya bin sa kuɗin aikin, in ta kai kotu kuma tara da ma'aunin tara ake lissafa ta, kowane ɗaya sidi 12, in an yanka 100 sidi 1,200 kenan. Matsalar ita ce mafi yawan abin da ke rataye ba shi da izini balle suna, sai hoton ɗan takara, shi kuma ya ce magoya baya ne suka sa ba da saninsa ba. Da za a riƙa karɓar kuɗin ajiya tun farko, a mayar wa wanda ya sauke kayansa cikin mako biyu, da an ga canji.

MaiBugu_Newtown: Kuɗin ajiya zai ƙara korar mutane daga neman izinin ne, Onarabul. Wanda bai biya na farko ba zai biya na biyu?

Dan_Kawukudi: Saura guda ɗaya da ba a taɓa ba. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, ɗan haya ya liƙa fastar ɗan takararsa a ƙofar ɗakinsa ta cikin gida, maigida na ɗaya jam'iyyar ya ce a cire. Wa ke da gaskiya?

Lauya_441: Cikin ɗaki da jikin ƙofar da ya biya haya, ɗan haya ke da iko muddin bai ɓata fenti ba kuma yarjejeniyar haya ba ta hana ba. Bangon waje da zaure da tsakar gida na maigida ne.

Hajiya_Kanda: Ƙofar tana kallon tsakar gida fa, Lauya. Kowa da ya fito alwala sai ya gan ta.

Kafinta_Mamobi: Ya liƙa ta bayan ƙofar da selotef, Hajiya. In ya rufe ɗaki ya kalli abinsa.

Hajiya_Kanda: In gidan gado ne mai magada takwas, huɗu lema huɗu giwa, izinin wa za a nema a bangon waje?